Gidan da Na Gina da Baya-da-Baya

Duk wanda ya ce maka baki ba ya rushe gini, ka turo shi wurina, ni Cha'ibu magini na bayan tasha a Matameye. Na rushe gida mai ɗaki huɗu da shago biyu tun ba a haƙa harsashinsa ba, kuma ko guduma ban ɗauka ba.

Shekara tara ina cin rani a Kano. Da an ɗaure gero an kai rumbu sai in saɓa jaka, ba a sake ganina sai hadari ya fara haɗuwa. 'Ya'yana biyu duk a waya na ji haihuwarsu. Ta fari, Fati, ina kan bene hawa na uku aka faɗa mini. Ta biyun kuwa sai bayan suna da kwana biyu na ji sunan da aka raɗa mata, don wayata ta faɗa cikin kwaɓin siminti. Bana matata Anisa na da ciki wata bakwai. Ta ce mini, "Baban Fati, wannan karon ina so in buɗe ido in ganka a tsakar gida." Na dafa ƙirji na yi alkawari.

Da yake ta san mijinta, ba ta tsaya ga alkawarin ba. Ta tafi wurin gwaggonta, Hajiya Amatullahi, wadda ta sayi fili a hanyar Tsauni za ta yi gini, ta roƙa mini aikin. Aikin wata biyar ne, ya isa ya riƙe ni a gida har damina. Hajiya ta ce in zo ranar Talata mu yi magana. Wato tuwo ya dahu, an zuba miya, an ajiye mini a gaba. Abin da ya rage in wanke hannu in rufe bakina.

To, akwai fadarmu, inda muke shan shayi da yamma a ƙofar shagon Haruna mai wasanni. Ina Kano aka kawo wani wasan gini. Duniya ce guda ta tubala masu kusurwa huɗu, da wani ɗan mutum a ciki yana haƙa, yana sare itace, yana jera gini yadda ka juya shi. Haruna na da konsol, 'yar akwatin nan da ake haɗawa da tele, mutum ya riƙe manet a hannu yana latsawa da manyan yatsu. Gwanin wurin Sallau ne, sa'ana, shi ma magini, mutumin da sai ya yini bai yi magana goma ba, kuma bai taɓa wuce Damagaram ba. Ya gina tashar garin nan a cikin wasan har da rumfar mai shayi. Na tarar kowa Sallau, Sallau, ba wanda ya tambaye ni labarin Kano.

Na kurɓi shayi na ce, "Wannan ai na yara ne."

Haruna ya ce, "Wanne?"

"Na konsol. Mu a Kano a kwamfuta muke yin shi."

"Ordinatar kake nufi?"

"Ku kuke ce mata haka. A kwamfuta, in ka tsaya nan sai ka hango garin Dungu. Taku kuwa ko bakin kasuwa ba ka kai ba hazo ya tare ka. Manet ɗin nan maɓalli nawa gare shi?"

Haruna ya juya shi ya duba. "Bai kai ashirin ba."

"Kwamfuta ɗari da 'yan kai. Mai aiki da yatsa goma kake haɗawa da mai aiki da biyu? Injiniyoyi ba sa taɓa manet, sai dai su saya wa 'ya'yansu."

Sallau bai ko juyo ba. Ya ce, "Gini dai ake gani."

Bari in faɗa muku gaskiyar da ban faɗa a fada ba. Akwai wani injiniya a wurin aikinmu na Kano da yakan buɗe kwamfutarsa lokacin cin abinci ya yi wasan, ni kuwa ina tsaye a bayansa ina cin gurasa. Sau biyu ya bar mini ita ya tafi alwala. In ka haɗa duka ba su kai minti ashirin ba. Ya dai koya mini haruffa huɗu: W gaba, S baya, A hagu, D dama. Iyakar karatuna ke nan, kuma da shi na zama shehi a Matameye.

Ranar Talata na sa shaddata na tafi gidan Hajiya. Na tarar da Sallau a tsakar gida yana gyara mata bakin rijiya. Na gaishe ta, na shimfiɗa mata zanen gida da na taho da shi daga Kano. Ta juya takardar sama, ta juya ƙasa.

"Cha'ibu, ni akwatuna nake gani. Ina ƙofa a nan?"

"Ga ta nan, Gwaggo."

"Wannan ɗan layin? To, bar shi. Anisa ta riga ta yi magana, kai ɗan gida ne. Ka fara ranar…"

Nan ya kamata in ce na gode. Amma na hangi Sallau durƙushe yana jin mu, sai son burga ya taso mini.

"Gwaggo, ai zamanin takarda ya wuce. Zan gina miki gidan nan a cikin kwamfuta, ki shiga falo, ki leƙa ɗaki, ki fito, tun ba a ɗora bulo ɗaya ba. Ba kowane magini ke iya wannan ba. Wasu sai dai wasan yara a tele."

Hajiya ta ɗaga gira. Ta juya. "Sallau, kai ma kana iyawa?"

"Ana taɓawa, Hajiya."

"Da ordinatar?"

"Da manet."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Gwaggo, ki haɗa mu mana! Wanda gidansa ya fi, shi ne da aiki."

Hajiya ta dube ni. Ta ce, "Da bakinka ka faɗa. Asabar bayan la'asar, a ƙofar gidan nan."

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Na tarar da Anisa tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

"Baban Fati, aikin da aka ba ka a hannu shi ka mayar caca?"

"Ba caca ba ce in ka san za ka ci."

"Ka san za ka ci?"

"Anisa, ni fa a Kano na koya."

"Allah ya sa," in ji ta, ta ci gaba da tankaɗenta.

Sai neman kwamfuta. A duk unguwar mai ita ɗaya ce, Hadiza, ƙawar Anisa, wadda ke da shagon buga takardu kusa da mairi, ofishin magajin gari. Na yi sa'a ita ma tana yin wasan in ba ciniki. Saboda Anisa ta yarda za ta ara mini. Ta ce, "Zauna ka gwada hannunka tukuna." Na so in zauna, wallahi na so. Amma Haruna da mutum uku na fada sun biyo ni suna tsaye a bakin ƙofa.

Na ce, "Kifi ake koya wa iyo?"

"Ba haka ba, Cha'ibu. Kilabiyen nan namu, wato allon haruffan…"

"Hadiza, na yi aiki da na injiniya. Naki ba zai ba ni tsoro ba."

Ta ɗaga kafaɗa. "Dakor, yadda ka ce."

Ranar Asabar aka ɗauko tele da konsol a kai, ordinatar Hadiza kuwa a amalanke, an naɗe ta da bargo kamar mai jego. Aka ja wayar wuta daga cikin gida, aka jera teburi biyu a inuwar dalbejiya. Ban san Matameye na da marasa aikin yi da yawa haka ba. 'Yan fada, masu kabu-kabu, mai tsire ya matso da tukubarsa. Mata suka cika zaure, na hangi Anisa a cikinsu zaune a kujera 'yar tsugunno. Hajiya ta zauna a tsakiya da carbinta. Malam Yunus, limamin unguwa, shi aka ba alƙalanci, ya ajiye wayarsa a cinya don duba lokaci. Awa ɗaya.

Na miƙe na ce ina da sharuɗɗa biyu. Na farko, ba wanda zai taimaki wani. Duk wanda aka faɗa wa ko kalma ɗaya ya faɗi. Na yi haka ne don kada Haruna ya riƙa raɗa wa Sallau. Na biyu, wasan iri biyu ne: akwai mai sauƙi, inda kaya ba sa ƙarewa kuma mutum na tashi sama kamar shirwa, akwai kuma mai dare da dodanni, inda ake mutuwa.

"Sallau ya yi mai sauƙin," na ce. "Ni zan yi na maza."

Aka yi tafi. Hadiza ta dafe goshi. Ta dai shirya mini fili, ta cika wa ɗan mutumina hannu da diga, duwatsu, katako da yashi, ta koma gefe ta naɗe hannu.

Malam ya ce bismillah.

Na leƙa tafin hannuna, inda na rubuta haruffan nan huɗu da bik, wato biro. Na dubi allo. A inda na san W yake sai na ga wani harafi daban. Na bi layi-layi da yatsa kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, sai ga W can ƙasa a lungu. Na danna. Ɗan mutumina bai motsa ba. Na danna da ƙarfi. Yana nan tsaye kamar an dasa shi.

"Me yake jira?" in ji Hajiya.

"Yana nazarin fili, Gwaggo. Ba a faɗa wa gini haka kawai."

A telen Sallau har an ja layin harsashi.

Na ce bari in yi hagu. Na nemo A, shi ma ya yi ƙaura, ya hau sama. Na danna. Sai ɗan mutumina ya yi wurgi da digarsa. Na sake dannawa a kan abu na gaba, ya jefar da katako. Na sake, wani katakon ya bi.

Haruna ya ce, "Injiniya ya fara da sadaka!"

"Haka ake yi," na ce. "Ana sauke kaya a fili tukuna."

Abin da ban sani ba, kuma duk mai buga takarda a ƙasar nan ya sani, shi ne allon haruffanmu na nan tsarin Faransanci ne, na Najeriya kuwa na Ingilishi. Wasu haruffan sun yi musanyar gida. Abin da Hadiza ta so faɗa mini ke nan na katse ta. Yanzu ga ta taku uku daga gare ni, amsa na bakinta, ni kuma da kaina na kafa dokar da ta ɗinke shi.

Na gwada S. Alhamdu lillahi, ya motsa! Baya. Na gwada D, ya yi dama. Waɗannan biyun ba su yi ƙaura ba. To, da baya da dama aka bar ni. Sai na yi dabara: in ina son zuwa wuri, sai in ja suri, ɗan ɓeran nan na hannu, in juya wa wurin ƙeya, in tafi da baya.

Mai tsire ya ce, "Shi wannan gaban sarki yake ne, da ba ya juya baya?"

"A Kano haka ake tafiya?" in ji wani ɗan kabu-kabu.

"Magini na ƙwarai ba ya ɗauke ido daga inda ya fito," na ce. Ban rufe baki ba ɗan mutumina ya afka rami. Minti biyar na yi ina fito da shi.

Da na fito sai zuciya ta ɗebe ni. Na miƙe na ce, "Malam, an yi mini maƙarƙashiya! An sauya wa haruffan nan wuri!"

Hadiza ta ce, "Malam, in amsa?"

Malam Yunus ya shafa gemu. "In kin amsa ya faɗi. Shi ya kafa dokar."

"To, ni zan gyara da kaina," na ce. Magini ba ya rasa ƙusa a aljihu. Na zaro ta, na soka ƙarƙashin A don in ciro shi in mayar inda yake a Kano. Ya yi tsalle sama, ya wuce kan Malam, ya faɗi gaban wata kazar Hajiya. Kaza ta cafke ta yi cikin gida.

Hadiza ta ƙwalla ƙara. "A ɗina! Sunan wa zan buga a garin nan ba A?" Ta fizge ƙusar daga hannuna, ta tattare zani ta bi kaza. Rabin mata suka bi ta. Ana ta kiran a tare ta nan, a tare ta can, ni kuwa na koma na zauna kamar ba ni ba.

Da baya-da-baya na tsinto abin da na iya tsinta, na fara jera duwatsu. Bangon farko ya tafi kamar maciji ya sha rana. Na biyu bai haɗu da shi ba, sai na ce tagar kusurwa ce, sabon yayi. Ban yarda na dubi telen Sallau ba, amma kunnena na jin mutane na cewa, "Kai! Har da rumfa!"

Can Hajiya ta ce, "Ku tsaya. Ban ɗakin ina ya kalla? Kada a gina mini abin da mutum zai tsuguna yana fuskantar alƙibla."

Sallau ya nuna da haɓa. "Daga can ranar wasan ta fito, Hajiya, can ne gabas. Na juya shi kudu."

Malam ya gyaɗa kai. "Madalla."

"Kai fa, Cha'ibu?"

Na ce, "Gwaggo, a nan ne kwamfuta ta yi wa konsol nisa. Mu ba ma kallon rana. Akwai maɓallin da ke faɗar komai." Na tuna injiniya na danna wani a layin sama. Na danna ɗaya, na danna na kusa da shi, na uku sai fuskar ordinatar ta cika da ƙananan rubutu da lambobi daga sama har ƙasa, kamar tururuwa ta samu sukari.

"Mene ne wannan?"

"Lissafi ne."

"To ina gabas?"

"Tana cikin lissafin."

"Karanto mini."

"Ai ba a karanta shi da ƙarfi, Gwaggo."

Ban san yadda ake kawar da shi ba. Sauran aikin duk ta tsakanin lambobi na riƙa leƙen gidana.

Malam ya ce saura minti goma sha biyar. Ba ni da rufi, katakona kuwa na watsar da rabinsa a daji. Na duba abin da ya rage: yashi, cike da hannu. Na ce a raina, rufin ƙasa ai gadonmu ne, kakana da shi ya rufe soraye a garin nan. Na kuma lura tubalan wasan na tsayawa a iska ba azara. Me zai sa in wahala? Na tsaya a tsakiyar ɗakin Hajiya, na ɗaga kai, na ce, "Jama'a, ku ga rufin soro irin na zamani."

Na liƙa yashi a saman bango. Ashe duk tubalan duniyar nan na tsayawa a iska, ban da shi. Ya sauko mini a ka. Na firgita na ci gaba da dannawa, wani na bin wani. Ɗan mutumina ya fara wani irin nishi, uh, uh, uh. Na danna baya, bango. Na danna dama, bango. Fuskar ordinatar ta yi ja wur, wani rubutu ya fito da manyan baƙaƙe.

Kowa ya juyo yana kallona.

"Ya tafi hutun rabin lokaci," na ce.

Hadiza ta dawo ke nan, ɗankwali a karkace, gashin kaza a kafaɗa, hannu wayam. Ta leƙo ta karanta. "Ta ce ka mutu."

"Malam! Taimako ne wannan!" in ji Haruna.

"Ba taimako ba ne," in ji Hadiza. "Ta'aziyya ce."

Dariyar da aka yi, har mai tsire sai da ya zauna a ƙasa. Wani ya ɗaga hannu ya ce a yi wa mamaci fatiha, Malam ya harare shi yana danne tasa dariyar.

Wasan na ba mutum rai na biyu. Ɗan mutumina ya farfaɗo can nesa, hannu babu komai, ga duhu ya rufe duniyar wasan, don ranarsu gajeriya ce. Na kamo hanya da baya. Na yi karo da itace, na faɗa ruwa, na fito. Da ƙyar na iso. Da na juyo don in nuna wa Hajiya falonta, sai ga wata dabba tsaye a tsakiyarsa, don ban sa ƙofa ba. Gajera, mai ruwan hoda, da faffaɗan hanci.

Hajiya ta gyara tabarau. "Wace dabba ce a falona?"

"Tunkiya ce, Gwaggo."

"Tunkiya ba gashi?"

"An yi mata aski."

Dabbar ta ɗaga hanci ta yi gurnani, lasifikar Hadiza kuwa ba ta ɓoye komai ba.

"A'uzu billahi," in ji Malam Yunus.

Hajiya ta ajiye carbi. "Alade, Cha'ibu? Na je Makka sau biyu, ka sa mini alade a falo?"

"Yanzu zan kore shi!" Na ja da baya don in samo hanyar zagayo shi. Sai na ji wani huci a bayana, sssss, kamar an zuba ruwa a garwashi. Duk 'yan fada suka miƙe tsaye lokaci guda, sun san sautin, amma doka ta hana su magana. Haruna ya toshe bakinsa da hannu biyu. Na juya a hankali. Wani dogon abu kore ne, marar hannu, fuskarsa kamar an yi masa mutuwa. Da baya na je na same shi har inda yake.

Na ce, "Wannan kuma maigadi…"

Ƙarar ta sa kaji suka watse. Da hayaƙi ya lafa babu falo, babu bango, babu alade, babu ni. Sai wani ƙaton rami.

Haruna ya sauke hannu daga baki ya ce, "To, Hajiya, ko ba komai an haƙa miki masai."

Malam ya ce lokaci ya cika.

Sallau bai yi dariya ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya tashi ya durƙusa gaban Hajiya ya miƙa mata manet. "Ki tura wannan da babban yatsa, Hajiya. Inda kika tura, can za ki." Tsohuwar da ko saƙo ba ta iya buɗewa a waya, sai ga ta tana tafiya a cikin gidanta. Ta shiga zaure, ta wuce shaguna biyu, ta tsaya a rumfa. Ta ga ya yi mata matakala gajeru saboda gwiwarta. Ta ga garken awaki a bayan gida. Ta ce madafa ta yi kusa da ɗakin kwana, hayaƙi zai dame ta. Ya karɓa, ya rushe, ya mayar can gefe kafin ta gama gyara mayafi.

Na buɗe baki na ce, "Duk da haka, a kwamfuta ana hango nesa…"

"Cha'ibu," in ji Hajiya, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Ranar Talata na buɗe baki zan ce ka fara Litinin. Kai ka katse ni." Ta juya. "Sallau, ka fara Litinin."

Na waiwaya zaure. Kujerar Anisa na nan, ita ba ta nan. Ban san lokacin da ta tashi ba. Nan dariyar mutane ta daina shiga kunnena, na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba.

Ni na tura amalanken Hadiza har shago, tana tafe tana faɗa mini abin da zan sayo mata da irin wanda ba ta so.  Mutane suka ce ashe ina iya shiru.

Da na shiga gida na tarar Anisa ta sauko da jakar tafiyata daga kan sif. Tana zaune a bakin gado, cikin ya hana ta sunkuyawa sosai, tana ninke rigunana ɗaya bayan ɗaya. Ta sa ƙuli-ƙuli a leda, ta sa yaji a kwalba, kamar kowace shekara. Na tsaya ina jiran faɗa. Da ta yi faɗan da na samu abin cewa, don a nan na fi ƙwarewa.

Ba ta yi ba. Ta ja zip ta ce, "Baban Fati, wannan karon ka bar wa Malam sunan kafin ka tafi. Kada mu yi ta neman ka a waya ranar suna."



Litinin da sassafe na saɓa jaka. 'Yan kabu-kabu na ganina suka fara, "Tasha, Injiniya? Da gaba za mu ko da baya?" Na wuce su. Na wuce tashar ma, motar Kano na lodi, kwandasta har ya miƙo hannu zai karɓi jakata. Na kama hanyar Tsauni a ƙafa.

Na tarar Sallau ya ja igiya, leburori uku na haƙa, an sauke yashi da bulo. Duk suka tsaya suna kallona.

Sallau ya ce, "Cha'ibu. Kallo ka zo?"

"Aiki."

Ya dubi jakar, ya dube ni. "Magini ɗaya Hajiya ta ɗauka. Abin da ya rage ɗaukar kwaɓi ne. Wata biyar a ka, kuma duk wanda zai wuce ta hanyar nan ya san ka."

"Na sani."

"Za su yi ta magana."

"Su yi. Na riga su."

Ya tura mini kwanon sarki da ƙafa. Na ajiye jaka na buɗe, na zaro rigar da ke sama, wadda Anisa ta ninke da hannunta. Na murɗe ta na yi gammo, na ɗora a ka, na ce wa mai shebur ya cika.